Takardar da Ba Ta Buɗe Ba

Yaya Tasalla, ke kika saba ba ni misali. In na yi ba daidai ba, ba kya yi min faɗa, sai ki ce "an yi wani mutum," ki ci gaba da murza ƙulinki, ni kuwa in gane da wa ake. Yau kwana goma sha ɗaya da muka kai ki makwancinki. Ga shi misali ya zo hannuna, ba ni da wanda zan ba sai ke.

An yi wani mai gyaran keke a wani ƙaramin gari, yana da yaya mace wadda ta raine shi tun yana rarrafe. Ciwon ciki ya kama ta, aka kai ta asibitin garin, aka ɗebi jini, aka yi hoto, aka ba su takardu huɗu. Malamin asibitin ya duba, ya sake dubawa, ya ce wannan ya fi ƙarfin idonsa, amma akwai wani babban likita a birni. Ya rubuta adireshin imel ɗin likitan a bayan kwalin magani, ya ce a tura masa takardun. In abin na gaggawa ne zai ce a kawo ta, in ba haka ba ta ci gaba da shan maganinta. Birnin tafiyar awa huɗu ce, hanya duk ramuka, ita kuwa ko zaman kujera wuya yake ba ta. Sai mutumin ya nufi shagon kwamfuta na bakin tasha. Mai shagon ya ce ya ɗauki hoton takardun da wayarsa kawai a tura, mutumin ya ƙi. Ya ce ba a aika wa babban likita hoton waya mai inuwar yatsa, a yi aiki mai kyau. Aka ɗora takardun ɗaya bayan ɗaya a kan sabuwar na'urar sikanin, haske ya bi ta ƙarƙashinsu, suka fito a fuskar kwamfuta tas, har tambarin asibiti ana karantawa. Da yake ba shi da imel, aka tura da na shagon. Lambar wayarsa ma bai bari an saka ba, don a ganinsa ba a ce wa babban mutum "ka kira ni."

Lokacin rajistar jarrabawa ne, shagon cike da ɗalibai, saƙonni na shigowa kamar fari. Sau biyu mutumin ya leƙa, sau biyu mai shagon ya ɗaga masa hannu ta saman kawunan mutane ya ce ba komai tukuna. Mutumin ya koma gida ya ce wa yayarsa shirun nan alheri ne, da akwai matsala da tuni an neme su. Ta yi murmushi ta ce kada ya dami likitan, bawan Allah, mutane da yawa ke kansa. A rana ta goma sha tara da tura takardun, da hantsi, ta cika. Bayan an share makoki ya koma shagon don a yi masa kwafin takardar rasuwa. Shagon ya yi tsit, ɗalibai sun watse. Mai shagon ya yi masa gaisuwa, sannan ya ce bari dai ya duba sosai. Ya yi ta gangarawa cikin saƙonni, sai hannunsa ya tsaya. Ya fara karantawa a fili, muryarsa tana raguwa.

"Fayil ɗin bai buɗe a wurina ba. A ɗauki hoto da waya a turo yau, ko a kawo ta."

Washegarin ranar da aka tura takardun, likitan ya rubuto wannan. A ƙasa akwai wani, bayan kwana uku, kalma biyu rak: "Ina jira." Mai shagon ya tura fayil ɗin zuwa tasa wayar ya taɓa, sai farin shafi, ko ɗigo babu. Ya taɓa a kwamfuta, ga takardu huɗu tas kamar ranar farko. Ashe na'urar tana naɗe takarda ne a irin nata ƙunshin, ba mai kwance shi sai kwamfutar da aka haɗa ta da ita. Akwati aka aika birni, makullin yana nan a shago. Mutumin bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba. Yana tsaye kawai. Hannunsa ya shiga aljihu ya taɓa wayar nan da ya raina. Ta ƙofar shagon yana hango motar birni tana lodi, ɗan kamasho na kiran saura mutum ɗaya, kamar yadda ya yi ta kira kowace safiya cikin kwanakin nan goma sha tara. Shi ya sa Hausawa suka ce, zuwa da kai ya fi aike.

Yaya, na san kin gane da wa ake. Masu zuwa gaisuwa suna ce min kwana ne ya ƙare, ina cewa haka ne, na kuma yarda haka ne. Amma kwalin maganin yana nan a aljihun rigata, rubutun bayansa har ya fara gogewa. Ban faɗa wa kowa ba tukuna.