Magajin Injin Riɗi

"To, Malam, ya iya?" manaja ya tambaya.

Dattijon ya dubi injin. Shekara da shekaru shi ne babba a kan injin matse riɗi na wata masana'anta a Maigatari. Ƙarar injin ta kashe masa kunne ɗaya, bayansa kuma ya daina miƙewa. Tun bara yake roƙon a sallame shi ya koma gonarsa a Sule Tankarkar, amma maganar manaja ɗaya ce: sai ya samo wanda zai gaje shi.

Masu neman aikin sun zo daga Gumel da Gagarawa, har da na tsallaken iyaka. Babu wanda ya kai.

Sai yau da wannan matashin ya zo. Ya tada injin ba gargada, ya saurari kukansa, ya ɗaure abin da ya kwance, mai ya zubo garau. Ga shi tsaye yana murmushi, yana jiran hukunci.

"Kai nake sauraro, Malam. Ka ce e, gobe ka kwana a gida."

Dattijon ya dubi hannayen matashin, ɗansa na fari, yatsu goma cif. Ya cusa nasa hannun a aljihu, da yatsu biyun da injin ya rage masa.

"Ranka ya daɗe, bai iya ba."

"Baba!"

Bai waiwaya ba. Ya ce wa leburori su kawo buhu na gaba.