Hancin Matar Liman

"Buɗe wa iyalina hancin nan, wanzami, in ba ka ƙunshin taba," in ji limamin 'yantattun bayi Hausawa na unguwar Barroquinha, can ƙetaren teku. "Minsharinta ya ishe ni."

"Allah gafarta malam, hancin da ya toshe tun a jirgin bayi? A bar shi mana."

"Yanka kawai!"

Wanzami ya zura ƙarfe, ya ciro tsiron nama. Da kumburi ya sace, baiwar Allah ta shaƙi iskar teku, ta ji ƙamshin ƙosan Yarabawa cikin manja, har da hawayenta.

Da la'asar liman ya dawo daga karatun da ya ce yana bayarwa a unguwar Itapagipe. Ta durƙusa miƙa masa ruwa, ta ja numfashi, ta sake ja.

"Malam, wane littafi ne yake warin giyar rake?"

Da can in ta fara faɗa, numfashi ke tsayar da ita. Ranar kuwa babu abin da ya tsayar da ita, har masu dakon mutane a kan kujera suka sauke Turawansu suna saurare.

Ita ta samu iska, unguwa ta samu labari. Malam ya koma sahun baya.