Goran Maganin Mai Kemis

Ranar Asabar, 14 ga Agusta, 2021, gari ya waye da yayyafi, irin wanda ba ya hana fita amma yana jiƙa takarda. A ranar ce, karo na farko cikin shekara goma sha tara, aka ga kujerar mai kemis babu kowa.

Su huɗu ne: tsohon hedimasta, tela, direban tanka da ya ajiye tuƙi, da shi mai kemis. Duk Asabar bayan la'asar sukan kewaye teburi a zauren hedimasta su yi wasan labari. Hedimasta ne ya ƙirƙiro ƙasar da ake yawo a cikinta, ya zana taswirarta a bayan tsohuwar kalanda, kuma shi ke faɗin abin da ke gaba, kogi ne ko 'yan fashi. Sauran ukun kowa da jarumin da yake magana da bakinsa, an rubuta kayansa a takarda. In mutum ya ce jaruminsa zai yi abu, sai ya jefa ƙwayar ludo, ita za ta yanke ko ya dace. An aurar da 'ya'ya, an yi zaɓe biyar, kalandar ta sha gam har ta yi tauri, wasa bai tsaya ba.

Tun a shekarar farko jarumin mai kemis, wani maharbi, ya tsinci goran magani a kogo. Hedimasta ya ce kurɓi ɗaya ne a ciki, yana warkar da kowace cuta ko da rai ya zo wuya. Mai kemis ya rubuta goran a takardarsa, ya ja masa layi biyu. Kibiya ta sami maharbin, ya yi wata huɗu yana ɗingishi, bai sha ba. A shekara ta goma sha ɗaya maciji ya sari jarumin tela, wani mahayi da tela ke ji da shi har ya ɗinka masa 'yar tuta. Tela ya cire tabarau ya ce, "Alhaji, don girman zumunci." Mai kemis ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Akwai ranar da ta fi wannan." Aka yi wa mahayin kabari da ɗigon jan biro a taswira. Tela ya ɗauki sabon jarumi, falke mai jaki ɗaya, bai ƙara ta da maganar ba.

To, dokar teburin ita ce wanda zai yi tafiya ya bar takardarsa a hannun wani, kuma abin da aka yi da ita ya zauna, ba a janyewa. Da mai kemis zai tafi Jos wajen ɗansa a yi masa aikin gwiwa, wata uku, ya duba ya ga direba ba ya iya riƙe abu, sai ya damƙa wa tela, mutum mai tsanaki. A ranar yayyafin nan ayari ya iso bakin fadama, aka jefa ƙwaya ta ba da ɗaya, hedimasta ya ce jakin falke ya kamu da mura. Tela ya gyara zama, ya jawo takardar mai kemis ya ce, "Maharbi ya ji tausayin dabba. Ya buɗe gora." Hedimasta ya tambaye shi har sau biyu ko ya tabbata. Ya tabbata. Jaki ya shanye, ya yi kuka, har tsohon mikin da ke bayansa ya warke.

Babu wanda ya yarda ya kira Jos a waya. Hedimasta ya zauna ya rubuta wasiƙa. Ya yi wa mai jinya ya jiki a layi shida, a na bakwai ya sanar da shi cewa jakin falke yana cikin ƙoshin lafiya, kuma yana godiya. Wasiƙar ta kwana tara a aljihunsa. Ranar Litinin ya kai ta gidan waya, ya liƙa kan sarki, ya tsaya jim a bakin akwati, sannan ya sake ta.

Da ma Hausawa sun faɗa: a bari ya huce, shi ke kawo rabon wani.