Masu Zane a Kumatu

"Ta yaya za mu tantance su?" jami'in shige da fice ya tambayi Zarami.

Ƙasar nan da maƙwabciyarta sun cimma yarjejeniyar mayar da 'yan gudun hijira gida, har an turo motoci Haɗeja. Shi kuwa Zarami ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan fadamar da aka ara wa baƙin suna noman shinkafa. In suka tafi, ta zama tasa.

"Ranka ya daɗe, fuska za ka duba. Duk mai zanen Mangawa a kumatu, Hausarsa kuma ba ta fita, ɗan tsallake ne. Za su yi ta rantsuwa 'yan nan ne, kada ka saurari kowa."

Da hantsi aka kwashe mutanen fadamar tas. Daga nesa Zarami ya jiyo kukan mata, ya yi hamdala. Bayan la'asar ya shiga gida da ƙunshin tsire.

"'Yar'azumi, kira min Iya, akwai albishir."

Matarsa ta ɗago daga bakin murhu. "Ai tun safe ta tafi fadama. Ka san can kaɗai take samun abokan hira da Manganci."

Nan take ya buga wa jami'in waya. "Akwai wata tsohuwa a cikinsu, haifaffiyar Birniwa ce, 'yar ƙasar nan. Mahaifiyata ce!"

"Mai zanen nan? Ta yi ta kiran sunanka har muka tsallake iyaka. Amma Malam Zarami, ai kai ka ce kada mu saurari kowa."