Sunan da Gilashi Ya Nema

Tun da aka sallami masu karɓar jama'a a asibitin garin, gilashin kwamfuta na bakin ƙofa ke yi wa mutane iso. Ladidi ta zo goye da 'yar farinta, jikin yarinyar kamar garwashi, surukarta na biye.

Tana taɓa gilashin sai wata 'yar taga mai rubutu ta fito a kansa ta rufe komai: "Uwa ta faɗi sunan marar lafiya da bakinta." Babu wurin fasawa. Sauran tagogin, har ta kiran likita, suka dushe a bayanta.

"Ummi," in ji Ladidi a hankali. Tagar ba ta motsa ba.

Sunan surukar aka sa wa yarinyar. Ga kunyar 'yar fari, ga ta suruka, Ladidi ba ta taɓa furta shi ba.

"Rakiya ce, kai gilashin banza!" in ji tsohuwar. Tagar ta ƙi muryarta.

Sai tsohuwar ta juya baya, ta toshe kunnuwanta da mayafi. "Faɗi, 'yar nan. Ba na ji."

Ladidi ta runtse ido. "Rakiya."

Ƙofa ta buɗe. Yarinyar ta ɗago kai da ƙyar.

"Umma, wace ce Rakiya?"