Wanda Ya Tsinke Gwaiba

"Ku jeru nan, 'yan banza!" in ji tsoho mai bishiyar gwaiba, yana kaɗa wa yaran unguwa tsumagiya.

Tun da aka ba da dogon hutu gwaibarsa ke ƙarewa. Jiya ya barbaɗe rassan da bular wanki, yau ya tarar an tsinke biyar. Ɗan kafinta yake zargi, mai idon ɓera. Kafintan kuwa na tsaye a gefe, ya rantse in ɗansa ne sai ya karya masa hannu.

Yara bakwai suka jeru, hannuwa a baya, ba mai kallon wani. Tsohon ya tsaya gaban ɗan kafinta.

"Kai, buɗe."

Tafin ɗan kafinta ya yi shuɗi. Uban ya yunƙuro.

"Baba, duba nawa," in ji yaron da ke kusa da ɗan kafinta. Shi ma shuɗi. Haka na gaba, har jikar tsohon.

A ƙarshen layi, wani ɗan mitsitsi da ko sakatar ƙofa bai kai ba ya ɗaga hannuwa, bula har gwiwar hannu, yana washe baki.

"Kaka, ni ma ɓarawo ne. Sun shafa mini!"