Gas Ba Zai Shiga Giwa Ba

Bugu ɗaya Auta ta yi wa kwaɗon ɗakin inji da guduma, ya faɗi ƙasa. Ko waige ba ta yi ba. Mahaifinta ya kai Mama asibiti tun da safe, ita kuwa ta ƙudura kafin su dawo ta gama, duk abin da zai faru ya faru.

Giwa ake ce wa injin. Tsohon injin dizal ne mai ba masu niƙa da masu walda na layin wuta, kuma bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin Mama. Shekara da shekaru hayaƙinsa na bi ta tagarta, har ƙirjinta ya koma fito kamar buta a kan wuta. Likita bai yi kwana-kwana ba: in hayaƙin nan bai bar gidan ba, ƙirjin ba zai kai ta ko'ina ba.

Auta injiniya ce, aikinta ke nan a kamfanin da take, kuma maganin a hannunta yake. A tura gas ya shiga tare da iska, fistin ya matse su, ɗan ɗigon dizal ya kunna wutar. Inji ya ja kaya yadda ya saba, mai ya yi auki, hayaƙi ya ragu sosai. Da ta zo hutun baya ta zana komai dalla-dalla ta kai masa.

Kai, da ta sani! Bahago, haka makanikai ke kiran mahaifinta, a gabansu ya tsinka ta. Shi ya koya mata riƙe sufana tun tana ƙarama, yana murɗa noti da hagu tana kwaikwayo da dama, amma ranar sai ka ce bai taɓa ganinta ba.

"Gas a cikin Giwa? Ina raye? Bom aka koya miki haɗawa a makarantar? Ranar da kika taɓa injin nan, ki nemi wani uban!"

Ya yaga zanen biyu ya jefa kwandon shara, abokansa na shewa. Washegari ta leƙa ta ga kwandon wayam, ta ce ko Mama ta zubar. Ta tafi ranta a ɓace, wata uku ba ta ɗaga wayarsa ba.

Jiya da ta dawo, fariya ya tare ta da ita. Wai ta dubi salansar injin, hayaƙin ya yi fari-fari, duron dizal ɗaya na kai shi nesa, duk hannunsa ne ba wani karatu ba. Ya ma sa wa ɗan sito na bayan ɗakin sabon kwaɗo, wai ɓarayi sun yi yawa. Mama ta ce tarin ya ɗan lafa. Auta ta ce a ranta magani ne kawai, tsoho ya sauya matatar mai yana cika baki. Ba za ta zauna taurin kan mutum ɗaya ya kashe mata uwa ba. In uban zai tafi, ya tafi.

Ta durƙusa gaban Giwa. Tana son tsohon nan, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Ta baje tiyo da bawul na tura gas da ta zo da su, ta zagaya bayan Giwa inda iska ke shiga, ta yaye wani tsohon buhu da aka lulluɓe wurin da shi.

Sai ta yi turus.

Ramin da ta zo hudawa a hude yake, daidai inda ta zana. Bawul na zaune a ciki, tsaf. Baƙin tiyo ya fito daga jikinsa, ya bi gindin bango, ya ɓace ta wata kafa zuwa cikin siton nan mai sabon kwaɗo. Ta kai hanci, ta ji ɗan warin gas a bakin bawul ɗin.

Wane ne ya riga ta? Wane ne a layin nan yake da wannan ƙarfin hali?

Ta shafa wayar da aka ɗaure bakin tiyon da ita, ta gwada kwancewa, sai ta ji tana ƙara tamkewa. Ta sake ta, ta zauna daɓas a ƙasa, hawaye ya ɓalle mata.

Ta hagu aka murɗa wayar.